Wane suna za mu ba "palpitations" da Hausa?

Nas, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Ni ke yi wa likita tafinta a ɗakin duba marasa lafiya a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma akwai kalmar Faransanci guda da ta hana ni sakat: palpitations. Abin da likita ke nufi shi ne mutum ya riƙa jin motsin zuciyarsa a ƙirji ko a wuya, alhali a da ba ya ji. Ko ta yi sauri, ko ta buga da ƙarfi, ko ta yi kamar ta tsallake guda. In na ce "bugun zuciya" sai mara lafiya ya kama salati, don da wannan sunan rediyo ke faɗin ciwon da ke kashe mutum farat ɗaya. Kuma ai kowane mai rai zuciyarsa na bugawa, sau 60 zuwa 100 a minti ga babba in yana hutawa. To me zan ce?

Hajiya mai tuwo, Marwa:
'Yata, ai faɗuwar gaba ce. Haka muka tashi muka ji ana cewa.

Nas, Garwa:
Hajiya, nan gizo ke saƙar. In na tambayi mace ko gabanta na faɗuwa, sai ta ce e, tun da aka yi mata kishiya, daga nan hankalinta ya tafi kan rubutu da hayaƙi. Gaskiya ne tsoro da damuwa na kawo shi. Amma mai cikin da jininta ya yi ƙasa, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya zuƙe wa jini, ko mai ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa rama da zufa, ba abin da ya firgita su, kuma zuciyar na ta gudu.

Malamin makaranta, Injamena:
Da Larabci khafaƙan ake cewa. Tun da mun ari lafiya da duniya da lahira daga can, mu ƙara wannan mana.

Baba mai goro, Kusuri:
Malam, ka tsallako gada ka faɗi wannan a kasuwarmu, za a ce sunan turare ne. Mu dai cewa muke zuciya na dukan uku-uku. Kuma kada wani ya ɗora wa goro laifi, na san can za a nufa.

Mai kantin magani, Ngawundere:
Baba, a yi haƙuri, can ɗin muka nufa. Goro na da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin shayi da kofi da lemon kwalba na kola. Shi ke kore barci, shi ne kuma ke zaburar da zuciya. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, mai ciki kuwa 200. Ƙaramin gwangwanin Red Bull kaɗai na da 80. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne haɗin gambiza: shayin safe da cokalin Nescafé a ciki, goro bayan azahar, shayin majalisa da aka bar shi ya tafasa har ya yi baƙi, sannan sigari a kai, ga nikotin ya shigo nasa aikin. Kafeyin kuma ba ya fita da wuri. Bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jiki. Shi ya sa mutum ke kwanciya da dare ya ji ƙirjinsa na aiki ya rasa dalili. Wani kuwa zai sha ninkin haka ko gezau, jiki da jiki. Ta ɓangarenmu ma akwai masu laifi: abin shaƙar masu asma irin Ventoline, da wasu magungunan mura masu buɗe hanci.

Mai haya da babur, Marwa:
Yaya nas, mu fa muna ganin abin nan sosai. Mutum ya wuni a rana bai sha ruwan kirki ba, bai ci komai ba sai lemon ƙara kuzari, wani ya haɗa da tramol, barcin dare kuma ba ya isa. A tasha cewa ake "injina na rawa".

Malamin makaranta, Injamena:
Batun rana gaskiya ne. A watan Afrilu nan zafi na haura digiri 40, zufa ta kwashe ruwa da gishirin jiki. In azumi ya faɗo lokacin, masu yin sahur da shayi tsagwaro su ne ke fara kuka. Masu shan giyar gargajiya irin su bilbil da arki ma ba su tsira ba, ko da yake ba za su zo nan su ba da shaida ba. Na janye khafaƙan. Amma dukan uku-uku magana ce, ba suna ba, ba ta zama a takardar asibiti.

Liman mai ritaya, Garwa:
Ku yara kuna neman abin da ke gindin turminku. Lugude. In mata biyu ko uku suka haɗu kan turmi guda, taɓarya na sauka bayan taɓarya, har maƙwabta su ji. Tun da can Bahaushe na cewa ƙirjina na lugude. Ku ce luguden zuciya.

Mai kantin magani, Ngawundere:
Allah gafarta Malam, ya dace da mai sauri da mai ƙarfi. Wanda ke tsallake guda fa? Lugude ai a jere yake tafiya.

Hajiya mai tuwo, Marwa:
Ɗana, da gani ba ka taɓa riƙe taɓarya ba. In ɗaya ta makara, dakan ya ɗan yanke, sannan ta biyun ta sauka da nauyi.

Nas, Garwa:
Hajiya, wallahi haka masu shi ke kwatantawa: shiru kaɗan, sai dum. Na karɓi luguden zuciya. Ba ya sa a fara salati, ba ya kuma tura mutum gidan boka, sai ma ya ba ni ƙofar tambayar me aka ci, me aka sha, awa nawa aka yi barci. Faɗuwar gaba ta zauna wa tsoro, bugun zuciya ya zauna inda yake. Sai dai a riƙe wannan: luguden da ya zo da ciwon ƙirji, ko haki, ko jiri, ko suma, ko ya ƙi tsayawa, ba na rage shayi ba ne. A zo asibiti a take, a yi awon ECG, wato na'urar da ke zana yadda zuciya ke bugawa, a duba jini.

Baba mai goro, Kusuri:
Sunan dai ya yi, na sa hannu. Goron dare ma zan bari. Na safe kam sai likita ya zo Kusuri da kansa mun yi magana.