ChatGPT ya rubuto mini ekspoze, in kai ma mushe (malaminmu) ko sata ce?

ɗan_ƙauyen_Aguié:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina shekarar farko a fannin noma nan Maradi, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a, baba manomi ne inna ko lakkol ba ta taɓa shiga ba, to in abu ya shige mini duhu babu wanda zan tambaya ba kamar abokaina masu yaya ko kawu da ya yi lisans ba. An ba mu ekspoze, aikin da za mu gabatar gaban aji, kan sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, wanda suke ce ma RNA da faransanci. Jiya na sa koneksiyon dala ɗari na tambayi ChatGPT, kafin shayi ya huce ya zubo mini shafi ukku da faransancin da ni ko shekara zan yi ban iya shi. Wallahi na ji daɗi amma zuciyata ta ƙi kwanciya, gero baba ya saida ya biya mini rajista. In na kwafe na kai sata ce? Ko dai kowa haka yake yi ni kaɗai ke wahal da kaina?

yaya_mai_master:
Ƙanena kar ka kai shi haka. Ba ma zancen a kama ka ba, ekspoze gaban mutane za ka tsaya, mushe ya jefo tambaya ɗaya kan kalmar da kai kanka ba ka san ma'anarta ba sai ka tsaya kamar an dasa ka. Kuma ka duba littattafan da ya lissafo maka a ƙarshe. Lokacin memuwar ɗina ya ba ni sunan wani bincike da marubuci da shekara komi tsaf, na kwana biyu ina nema, ashe babu shi duniya. Abin nan hasashen kalmar da za ta biyo baya yake yi, in bai sani ba sai ya ƙirƙiro, kuma da ƙarfin hali.
Ni yadda nake yi, in kur ya gagare ni sai in ce ya bayyana mini da faransanci mai sauƙi kamar ɗan sizyem. In rufe waya in rubuta da bik da kaina ko da kuskure, daga baya in ba shi ya nuna mini inda nahawu ya karye, in ce kar ya sake mini jimla ya nuna kawai. Daren ekzame kuma shi ke yi mini tambayoyi ina amsawa. Sannan ka tambayi mushenku mi ya yarda da shi, ba dukansu ra'ayi ɗaya ba, in ka yi amfani da shi ka rubuta a ƙasa cewa ya gyara maka faransanci.

Bagalam_227:
Hhhh yaya kina da gaskiya amma fa ɗiyan masu kuɗi tun firamare suna da mai koya musu a gida, babu wanda ya ce sata ce. Talaka ya samu nashi a waya sai a fara wa'azi. Tun ƙarshen 2022 da abin nan ya fito waye bai taɓa shi ba?

yaya_mai_master:
Mai koyarwa a gida ai bayani yake yi, ba shi ke rubuta dubuwar ya sa sunanka ba. In ya rubuta kuwa shi ma algus ne.

tsohon_malamin_gona:
Ɗana, abin da ya ba ni dariya shi ne batun da aka ba ka. Sassaben zamani fa a jihar Maradin nan ya kafu, wajajen 1983 Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya lura kututturan da ke gonaki suna da rai a ƙasa, manoma suka riƙa barin tohon da ya fi ƙarfi suna sassabe sauran har ya zama icce. Ƙauyen Dan Saga da ake zuwa kallon sassabensa daga ƙasashe ai can wajenku yake. Ka bar mai gona a gida ka tafi tambayar na'urar da ba ta taɓa ganin gawo ya kaɗe ganye da damina ba? Kira babanka, ka riƙe kaye da bik.

ɗan_ƙauyen_Aguié:
Na gode ƙwarai. Baba na kira bayan isha'i, da farko ya zaci wani abu ya faru, da ya ji gona ce tambayar sai ya ɓarke, kalgo da sabara da aduwa, toho nawa yake bari a kututture, dalilin da gero ya fi kyau gindin gawo, har kredina ya ƙare yana tsakiyar magana. Shafi biyu na cika da Hausa, yanzu juyawa zuwa faransanci ce aiki. Yaya, a jerin madogara yaya ake rubuta sunan mutumin da bai rubuta littafi ba?