Wane ƙarfe ya fi dacewa da cizal?

Ɗan Maƙera: Salamu alaikum iyayena. Na ƙera cizal da tsohon magagari, na ba shi ruwa don ya yi tauri, dukan farko da masaba ya tsage, ɓarɓashin ya wuce ta gefen idona. Ina kuskuren yake?

Kawu Mai Walda: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, ɗana. Magagari kabon ya yi masa yawa, ya kai kashi 1 cikin ɗari ko fiye. Yana da kaifi amma ba ya jure duka. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka nemi sifirin na mota. Yawancinsa kabon kashi 0.6 cikin ɗari ne da ɗan kuromiyom, ana dukansa yana lanƙwasa ya dawo.

Baba Sarkin Maƙera: Gaskiya ne, sai dai kada sifirin ya ga ruwa. Mai za ka sa. Ka zuga har maganaɗisu ya daina kama shi, ka ƙara kaɗan, ka tsoma. Sannan ka goge bakin ya yi fari, ka ɗumama daga gindi kana kallon launi yana tafiya. In bakin ya bar launin kara ya fara jan shuɗi, sake tsomawa. Yaran yanzu nan suke gaggawa, shi ya sa kayansu ke fashewa.

Injiniya: Baba ya gama magana kan cizal. Amma in farantin ƙarfe za ka riƙa hudawa dubbai, ƙarfen da ake kira D2 ake so a yi abin hudawar da shi. Kuromiyom ɗinsa kashi 12, yana daɗewa bai dakushe ba, kuma a iska yake taurarewa. Sai dai yana buƙatar zafin da ya ɗan haura digiri 1000 a tanderu mai ma'auni. Wutar gawayi ɓata maka shi za ta yi.

Ɗan Maƙera: Ranka ya daɗe, karyayyun bakin dirila fa? Ina da su cike da gwangwani.

Injiniya: HSS ke nan, wato ƙarfen da ke yanka cikin sauri ba tare da zafi ya sa ya yi laushi ba, irin wanda ake kira M2, tungistan kashi 6, molibdenum 5. Ko ya kusa digiri 600 bai saki tauri ba, shi ya sa masu injin juyi a kasuwar Panteka ta Kaduna ke wasa shi su yanka ƙarfe. Ka wasa a dutse kawai, kada ka sa masa guduma.

Kawu Mai Walda: Kuma ka sayi tabarau kafin ka koma bakin uwar maƙera.

Ɗan Maƙera: Na gode ƙwarai. Gobe da safe ina Ƙofar Ruwa in sha Allah.