Dan Allah a taimaka, silin ya tsage tun da muka jera katako a sama

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi abin nan ya hana ni barci. Gidanmu ɗakuna biyu ne da falo, yara sun girma, babban ya shiga sakandare yana son wurin karatu, ga surukata tana zuwa ta yi watanni, kuma uwargida tun bara take cewa a nemi wani gida, ni kuma ba ni da halin tashi, filin ma babu inda za a ƙara ɗaki ta gefe. To akwai sarari babba tsakanin silin da rufi, tsaye nake miƙewa a tsakiyarsa, sai na ce me zai hana a mayar da shi ɗaki. Ƙanen matata ya kawo katako 2x6 (mai inci 2 da inci 6), muka jera su a kan tsofaffin 2x4 ɗin da ke riƙe da silin, muka buga ƙusa sosai, muka shimfiɗa filawud a rabi. Yanzu silin ɗin falo ya tsage daga wajen fitila har kusan bango, in ka taka a sama kuma kamar yana rawa. Shin in ƙara ƙusa ne ko noti zan saka? Dan Allah kar a ce in cire, aiki ya yi nisa.

Tsohon Kafinta: Wa alaikumus salam. Ɗana kwantar da hankalinka, filasta ce kawai. Tun ba a haifi wasunku ba nake rufi da bene, ban taɓa jin 2x6 ya ba ni kunya ba. Ka ɗaure sabo da tsoho da noti, ka sa guntayen katako a tsakaninsu, ka toshe tsagar da fenti, shi ke nan.

Mai Awo: Malam ka ba mu labarin suruka amma ba ka faɗi abin da ya fi komai ba. Daga bango zuwa bango mita nawa ne? Kuma bakin katakon naka a kan me ya zauna? 2x4 na silin an sa su ne don su ɗauki silin da mutum ɗaya da zai leƙa gyaran waya. Daɓen ɗakin kwana kuwa ana lissafa masa kusan kilo 150 a kowace murabba'in mita, ban da nauyin katakon kansa. Kai ka ɗora sabon nauyi a kan wanda dama ba a yi shi don haka ba, tsagar nan shi ne yake faɗa maka ya lotsa.

Maman Biyu: Hmm Allah ya kyauta. Mu ma haka maigidan ya kawo wani ya yi mana kanta a saman kicin, ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya, har yau ƙofar ba ta rufuwa, in na yi magana a ce na fiye mita. Masu aiki yanzu sai addu'a.

Baban Yara: Faɗin falon zai kai mita 4 ko ya ɗan wuce. Bakin katakon bai kai bango ba gaskiya saboda rufin ya sauko a gefe, amma akwai bangon da ya raba falo da ɗaki a ƙasa, ai yana taimakawa. Kuma katakon mai kyau ne, ba irin na banza ba, da nauyi sosai.

Mai Awo: Nauyin ma sai a duba, ɗanyen katako ya fi busasshe nauyi, in ya bushe kuma ya motse ya murɗe ƙusoshi su saki. Ga lissafin da magina ke yi da ka kafin a je ga takarda: ka raba faɗin a ƙafa gida biyu ka ƙara inci 2. Mita 4 ƙafa 13 ne, rabi shida da rabi, ƙara biyu, ka ga katako mai inci 8 zuwa 9 daga ƙasansa zuwa samansa kake nema, a jera su santimita 40 tsakani. Kuma sababbin su zauna a kan bangon da ke da tushe ko kan bim na ƙarfe, wato babban ƙarfen da ake gicciyewa ya ɗauki nauyi, a gefen tsofaffin, a ɗaga su kamar inci ɗaya sama da silin don in sun ɗan lanƙwasa kar su taɓa shi. Inda rufi ya sauko ya hana kai bango, nan ne ake sa bim a rataye katakon da ƙarfen rataya, kuma kowane rami na ƙarfen sai an cika shi da ƙusarsa, ba a buga huɗu a bar sauran. Bangon tsakiyar nan ka tabbata yana da tushe? Da yawa a kan daɓe kawai aka ɗora su.

Tsohon Kafinta: Ga 'yan boko nan sun zo da lissafi. Inci 9 a saman silin? To kan mutum fa, ina zai sa? Ka ɗaga inci ɗaya, ka sa tara, ka sa filawud, ka cinye kusan ƙafa guda, yaron da rarrafe zai riƙa shiga. Ni abin da hannuna ya yi nake faɗa. Ɗana in wuri ya matse maka ma akwai katakan da suka gicciye daga rufi zuwa ƙasa, ka rage ɗaya biyu ka samu fili.

Injiniyan Gini: Baba da girmanka, wannan ta ƙarshen kam a'a. Malam kar ka yanke ko guda. Waɗannan masu gicciyen su ke tallafe rufin, tsofaffin 2x4 ɗin kuma su ke ɗaure ƙafafun rafta, wato katakan da suka gangaro ɗauke da rufin, kar su buɗe su tura bango waje. Maganar guntaye a tsakani Baba ya yi daidai, layi ɗaya a tsakiya in faɗin ya wuce mita 2 da rabi, amma aikinsu hana katako kifewa ne, ba sa ƙara masa ƙarfin ɗaukar kaya. Yanzu dai a sauke duk abin da ke sama, yara su daina hawa, a kira wanda zai zo ya gani da ido. Kuma ina matakala za ta fito? Wurin da za a huda sai an ninka katako biyu-biyu a kewaye.

Ɗan Waya: Tunda ana maganar, dan Allah kafintoci ku daina danne mana waya da katako. Kullum sai an gama a kira mu wai wuta na tartsatsi. In za a huda a huda a tsakiyar katakon, ƙaramin rami, ba a sare ƙasansa ba. Wani aikin da na je an buga ƙusa ta ratsa waya, mai gidan kuma ni ya riƙe da faɗa.

Baban Yara: Na gode duka. Matakala tukuna, tsani muke amfani da shi. Amma Injiniya ai ba kaya masu nauyi za a sa ba, katifa ce da tebur da littattafai, sai ƙaramin tankin ruwa da nake tunani daga baya. Kuma ƙanen matata ya yi irin wannan a wani gida ba abin da ya faru. In na ce a cire yanzu rigima ce a gida, shi ya kawo katakon kyauta.

Injiniyan Gini: Lita ɗaya kilo ɗaya ce Malam, tankin lita 500 rabin tan ke nan a wuri guda. Littattafai ma ba wasa ba.

Tsohon Kafinta: Ka sa noti ɗana, ka zo ka ba ni labari.

Maman Biyu: Ni dai surukar nake ji, a falon za ta riƙa kwana?

Baban Yara: Eh a falon ne Hajiya. To in na ninka 2x6 ɗin biyu-biyu fa, ba zai kai ƙarfin inci 9 ɗin ba? Akwai saura guda takwas a tsakar gida.

Mai Awo: Ba zai kai ba, tsayin katako daga ƙasansa zuwa samansa ke hana lotsawa fiye da kaurinsa, kuma har yanzu bakinsu bai hau bango ba. Ka auno faɗin da tef tukuna, "zai kai mita 4" ba awo ba ne.

Baban Yara: Tef ɗin na wurin ƙanen matata, sai ya dawo. Noti mai inci nawa Baba?