Wai mutum zai iya koyon hasashen yanayi shi kaɗai ba tare da jami'a ba?

Ɗan Kumo:
Salamu alaikum jama'a. Kakana in ya fito da asuba ya kalli gabas ya ji yadda iska ke kaɗawa sai ya ce kar wanda ya yi shanya yau, jiya ma ba mu ji maganarsa ba sai da muka yi ta gudu da buhunan masara da la'asar. Bai taɓa shiga aji ba fa. Akwai wanda ya taɓa zama masani ta haka ko dai dace ne kawai?

Bappah Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Akwai sosai. A Sifaniya an yi wani fada na cocin Katolika, Juan Miguel Orcolaga, an haife shi 1863 a garin Hernani, shi ya koya wa kansa, kullum yana duba na'urar auna nauyin iska da yanayin gajimare yana rubutawa. Matsalar masuntan yankinsu wata guguwa ce da suke kira galerna, rana ta yi zafi teku ya kwanta luf sai kawai iska ta juyo ta kife jirage. To shi yakan hango ta ya aika gargaɗi ta tangaraho, masu digiri na lokacin suna masa kallon ɗan shisshigi amma masunta sun yarda da shi, har ya kafa tashar duba yanayi ta Igeldo a San Sebastian a 1905, kuma tana aiki har yau.

Ummu Hanan:
Amma Malam Bappah ai ka faɗa da bakinka, yana RUBUTAWA. Tsofaffinmu sun san zuwan shamuwa da tururuwa in ta fara kwashe ƙwai, amma wa ya taɓa rubuta ranar da suka ce za a yi ruwa aka wayi gari ƙalau? Wanda suka dace kawai muke tunawa.

Bappah Tudun Wada:
Gaskiyarki Hajiya. Kuma ko shi ɗin, a Agustan 1912 ya yi gargaɗi amma masunta sun riga sun yi nisa cikin teku ba rediyo a jiragen, mutum 143 suka halaka, yawancinsu 'yan garin Bermeo. Shi kuma ya rasu 1914.

Sarkin Ruwa:
Innalillahi. Mu ma nan Dadin Kowa in ka shiga tsakiyar dam da kwalekwale wani lokacin ko sabis babu, sai dai ka ɗaga kai ka ga hadari ya haɗo ka kama tuƙi.

Ɗan Kumo:
Na gode. Na sayi littafi ɗan sittin, daga gobe duk abin da Kaka ya ce zan rubuta da kwanan wata, Allah ya sa kar ya gane ya ce gwada shi nake 😂