Buzuzu da giwar teku, wa ya fi ƙarfi?

Malam Sani, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana, buzuzu ya fi giwar teku ƙarfi. Akwai wani irinsa, Onthophagus taurus, tsawonsa kamar santimita 1 ne kacal. A 2010 masana sun gwada shi, ya ja abin da ya ninka nauyinsa sau 1,141. Wace dabba ce za ta yi haka?

Bashir, Kawo: Wa alaikumus salam. Haba Malam! Dabbar nan mai kama da ayu kuke nufi, ta tekun kudu mai sanyi? Ƙaton namijinta fa yakan kai kilo 4,000, buhun siminti 80 ke nan. Ko birgima ya yi, buzuzu dubu sun tafi.

Malam Sani: Bashir, nauyi daban, ƙarfi daban. Kitse ne ya cika ta, a tudu ma da jan ciki take tafiya.

Hajiya Binta, Unguwar Rimi: Malam, ku yi haƙuri in sa baki, don darasin da nake koyarwa ne. Idan tsawon halitta ya ninka biyu, ƙarfin tsokarta sau 4 yake ƙaruwa, nauyinta kuwa sau 8. Shi ya sa ƙaramin abu kullum yake cin wannan gasa, har tururuwa. Da za a mai da buzuzun nan girman giwar teku, ƙafafunsa ba za su ɗauke shi ba. Ma'aunin ne tun farko ya ba shi gaskiya.

Bashir: Madalla Hajiya. Kuma kitsen da Malam ya raina, shi ne rigar sanyinta, shi ne guzurinta. Tana iya nutso fiye da mita 2,000, ta yi kusan awa 2 ba ta shaƙi iska ba, bugun zuciyarta ya ragu, iskar tana ajiye cikin jini da tsoka. Lokacin barbara namijin yakan yi wata 2 zuwa 3 a gaɓa bai ci komai ba, yana ta faɗa da 'yan'uwansa maza.

Malam Sani: Wannan juriya ce, ban musa ba. Amma shi ma buzuzun, ƙarfin na faɗa ne. A cikin ramin da ke ƙarƙashin kashin shanu yake ture ɗan'uwansa namiji da ƙaho. Hajiya, kin faɗi dalilin ƙarfin, ba ki ce babu shi ba.

Hajiya Binta: Ban ce babu ba, Malam. Ku dai ƙara "gwargwadon jikinsa" a maganarku, in sa hannu yanzu.

Malam Sani: To ai da jikinsa Allah Ya halicce shi. Da na wa za a auna shi?