Sankarar Burkitt a muƙamuƙin yaro: shin ƙannensa za su iya ɗauka?

Baffan Yara:
Assalamu alaikum. Ɗan yayana mai shekara 6 muƙamuƙinsa ya kumbura cikin mako uku, har haƙoransa suka fara girgiɗi. Da farko mun ɗauka hangum ne. Bayan an yanki ɗan nama an auna, likita ya ce sankarar Burkitt ce, wadda ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta. Tun daga ranar mahaifiyarsa ta ware masa kofi da kwano, ta hana ƙannensa kusantarsa. Shin hakan ya dace?

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikumus salam, Baffa. Allah Ya ba shi lafiya. A roƙi mahaifiyar ta daina ware shi, domin sankarar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ƙwayar da likita ya ambata ita ce Epstein-Barr, wadda aka gano a Landan a 1964 cikin ƙwayoyin wannan sankara, bayan likita Denis Burkitt ya bayyana ciwon a yaran Uganda a 1958. Ta yawu ƙwayar take yaɗuwa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita ba tare da ta yi musu komai ba. Mai yiwuwa ƙannen sun riga sun same ta tun suna goye.

Malama Mai Koyar da Kimiyya:
Ina so in ƙara bayani kan dalilin da ya sa yaro ɗaya ke kamuwa, dubbai su tsira. Ƙwayar Epstein-Barr kan ɓuya a cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira nau'in B. Idan zazzaɓin cizon sauro ya riƙa kama yaro a kai a kai, waɗannan ƙwayoyi kan yi ta hayayyafa, su kuma sauran ƙwayoyin garkuwa masu gadinsu su yi rauni, har wata rana a samu kuskure inda wani yanki na kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar jiki) na 8 ya sauya wuri, galibi da na 14, sai ƙwayar B ɗin ta rasa birki. Shi ya sa ciwon ya fi yawa a ƙasashen Afirka masu yawan maleriya, ciki har da Najeriya. A ganina, gidan sauro zai fi amfanar ƙannen nan fiye da raba kofi.

Ma'aikacin Jinya:
Haka ne, Malama. Sai dai Baffa, abin da ya fi gaggawa shi ne lokaci, domin ƙarin Burkitt yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saurin nan ne kuma ya sa yake jin maganin sankara sosai, har kumburin kan saɓe cikin 'yan kwanaki. A nan iyaye da yawa ke ruɗuwa su ɗauke yaro. Kada ku yarda a tsallake ko zagaye ɗaya, sai likita ya ce an kammala.