Talabijin mai arha da mai tsada: da gaske duk ɗaya ne?

Maganar da ake ja a kai: wai gilashin talabijin duk daga wuri ɗaya yake fitowa, suna kawai ake saya, don haka mutum ya ɗauki mafi girma da kuɗinsa zai kai.

Dillali: Ni ina bayan wannan magana. Masu ƙera gilashin LCD, wato allon da ke jikin yawancin talabijin, ba su da yawa: BOE, CSOT, HKC, AUO da Innolux su ne manya. Samsung ma ta daina ƙera nata a 2022, saya take yi. Sunan ma ba ya nuna wanda ya haɗa kayan, tunda sashen talabijin na Toshiba yana hannun Hisense tun 2018. To me zai sa mutum ya bar inci 65 ya ɗauki 55 saboda tambari?

Mai Gyara: Alhaji, gaskiyarka a kan gilashi, amma ba shi ne ke yawan kashe talabijin ba. Gilashin LCD ba ya ba da haske da kansa, jerin fitilun LED ne a bayansa. A jere ake haɗa su, ɗaya ta ƙone sai layin ya mutu, wani lokaci bod ɗin wuta ya kashe sauran. Shi ne za ka ji murya ba hoto, in ka haska tocila a jikin allon ka ga hoton dishi-dishi. Mai arha kan zo da fitilu kaɗan, a tura musu wuta da ƙarfi don hasken ya kai, zafi ya cinye su da wuri. Siririn nan da aka jera wa fitilu a gefe ɗaya ya fi tara zafi. Na biyu kafasitocin bod ɗin wuta, wato ƙananan gwangwanayen da ke tara wuta a jikinsa: in ƙananan kaya ne sai kansu ya kumbura, jan fitila ta riƙa ƙiftawa, talabijin ya ƙi tashi. A nan kuɗin ke ɓuya, kuma ba a rubuta shi a kwali.

Dillali: Ai duk wannan ana gyarawa, Malam.

Mai Gyara: Ana gyarawa, amma canza fitilu sai an ɗaga gilashin kacokan, ga shi siriri, ga siraran wayoyi manne a gefensa. Ya tsage ko waya ɗaya ta ɓalle, shi ke nan, don kuɗin sabon gilashi ya kusa na sabon talabijin. Kuma girman da kake so ɗin, shi ke ƙara wannan haɗarin.

Injiniya: Ku bar ni in shiga tsakani. Gilashin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai VA, baƙinsa baƙi ne sosai amma launi na dusashewa in an kalla daga gefe. Akwai IPS, yana riƙe launi ta kowane ɓangare amma baƙinsa toka-toka ne a ɗaki mai duhu. Sannan a kula da rubutun kwali. 4K na nufin ɗigo 3840 sau 2160, wannan yanzu kusan kowa na da shi. HDR kuwa, wato fasahar ƙara tazara tsakanin haske da duhu a hoto, talabijin ɗin da haskensa bai wuce nit 300 ba (nit ma'aunin hasken allo ne) karɓar siginar kawai yake yi. Sai ya doshi 600 zuwa sama, da fitilu masu raguwa yanki-yanki, ake ganin bambanci. In an rubuta 120, a tambaya: gilashin ne ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, ko na 60 ne aka yi wa ado? Mai wasan gem na buƙatar na gaske da kafar HDMI 2.1, inda ake soka wayar na'urar gem. Mai kallon labarai kuɗinsa kawai zai zubar.

Hajiya: To Injiniya, kenan a ɗauki mafi tsadan a huta?

Injiniya: A'a, Hajiya. OLED, wanda kowane ɗigonsa ke ba da haskensa ba tare da fitilun baya ba, ya fi kowa kyan hoto, amma in tasha ɗaya ake bari kullum da tambarinta a kusurwa, inuwarsa na iya zama a allon dindindin. QLED kuma LCD ne dai mai fitilun baya, an ƙara masa shimfiɗar da ke gyara launi. Manhajar ciki ma kada ta ja kuɗi da yawa: ita ke fara tsufa, kuma ƙaramar na'urar da ake sokawa a HDMI na maye gurbinta.

Hajiya: Abin da ban ji kun taɓa ba shi ne garanti. A karanta takardar: ta haɗa da gilashi ko bod kawai? Ɗigo nawa za su mutu kafin a yarda a canza? Ana samun fitilu da bod na wannan samfurin? Kafin a biya, a sa hoto fari fat, a sa baƙi, ja, kore da shuɗi, a duba tabo da hasken da ke tsiyaya ta kusurwa.

Dillali: Na karɓi batun garanti. Amma ga mai zama mita 3 daga allo, har yanzu inci 65 matsakaici ya fi 50 mai tsada daɗin kallo.

Mai Gyara: Matsakaici ka ce yanzu, Alhaji, ba mafi arha ba. A kan wannan ba mu da faɗa. Kowanne aka ɗauka, a fitar da shi daga saitin shago, a rage hasken baya zuwa kashi 60 ko 70, a bar kamar santimita 10 a gefe da sama don iska, a sa masa na'urar kariya daga hauhawar wuta.